Shago na Goma

"Na ce maka an gan ta! Da ido aka gan ta, ba a mafarki ba!"

Muryar matar Mai Takalma ce ta ratso bangon katakon da ya raba shagonsu da na Uwar Layi, kamar babu komai a tsakani. Uwar Layi ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Allura ta tsaya a tsakiyar ƙafar wando.

"Ki rage murya," in ji mijin.

"Ba zan rage ba. Ta ƙofar baya ta shiga Gilashi, da tef ɗin awo a wuyanta. Mai zuwa kallo yana rataya tef? Ita ta tara mu muka yi alkawarin babu mai tashi, ita kuma take can tana neman wurin zama. Kai kuwa an ce zauna, ka zauna kamar an dasa ka."

"Matar da ta riƙe layin nan shekara ashirin da shida kike faɗa wa haka?"

"Riƙo! Ai kura ma tana riƙe akuya."

Wani abu ya faɗi, mai yiwuwa kwalin takalmi, sai shiru. Uwar Layi ta mayar da ƙafarta ta ci gaba da ɗinki da ƙarfi, don su ji keke yana aiki su ɗauka ba ta ji komai ba. Sai da ta kai ƙarshen ƙafar wandon ta ga ta karkace layi. Rabon da ta yi haka har ta manta.

Gilashi shi ne sunan da mutane suka laƙaba wa sabon rukunin shagunan da aka buɗe a tsallaken babban titi shekara uku da suka wuce. Hawa biyar, sanyi tun daga bakin ƙofa, ƙasa tana ƙyalli har mutum ya ji nauyin takawa. Daga ranar da aka buɗe shi, nasu ya koma Tsohon Gini. Matakalar da take tafiya da kanta ta tsaya, yanzu da ƙafa ake hawanta ana ƙorafin tsayin taku. Tafkin ado na tsakiya ya bushe, kwalaye suka maye gurbin ruwa. Ƙasa gaba ɗaya masu ajiyar kaya sun kama. A sama shaguna talatin da biyu ne, bakwai suka rage a buɗe.

Takarda daga mai ginin ta zo makon jiya. Mai ginin ya tsufa, ya miƙa wa ɗansa da ya dawo daga karatu. Ɗan zai zo ranar Talata da ƙarfe goma na safe ya gani da idonsa. In ya tarar da shago goma a buɗe, sama ta tsira. In bai tarar ba, ƙarshen wata kowa ya kwashe nasa, a mayar da wurin ɗakin ajiya. Yau kuwa Litinin.

Uwar Layi a gidan tela aka haife ta, amma ubanta bai koya wa 'ya'ya mata ba. Aikinta a gida shi ne farke ɗinkin da yayyenta maza suka ɓata, kuma a farkar nan ta gane yadda ake haɗa riga. Shi ya sa ba ta taɓa zama mai yanka sabo ba. Sana'arta ragewa da ƙarawa: a rage tsawo, a saki ƙugu, a canja zip, a ɓoye inda ya yage. Ta shigo ginin tana da shekara ashirin da huɗu, goyo a baya, kan keke a cikin buhu. A lokacin sai mutum ya san wani kafin ya sami shago a nan. Duk wanda ya sayi kaya a layin, wurinta yake ƙarewa, ta san wanda ya yi ƙiba yana ɓoyewa, ta san wanda ya rame yana cewa lafiya. Ba ta taɓa fitar da awon kowa ba. Da haka ta zama mai raba faɗa, mai ajiyar makullin wanda ya yi tafiya, har sunanta na yanka ya ɓace. Masu tashi ma, ita suke bar wa makulli su ce ta miƙa wa ofis. Ofishin ya rufe, makullan suka taru a gwangwanin maɓallanta.

Da 'yan layin suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, ita ta tara sauran ta ce tsinken tsintsiya ɗaya ba ya shara. Suka yi alkawari. Ta faɗa da zuciya ɗaya a lokacin, wannan kam ta tabbata.

Wayarta ta yi ƙara. Autarta ce, wadda take karɓar kuɗi a wani kantin kayan mata a Gilashi.

"Mama, madam mai kantinmu ta ce gobe ne ƙarshe a maganar aikin gyaran rigunan nan. In ba ki amsa ba, wata za ta ɗauka."

"Na ji."

"Kullum na ji. Mama, ɗakin akwai sanyi, keken lantarki ne, gwiwarki za ta huta. Me kike tsaro a wannan kangon?"

"Ɗakin da babu taga."

"Naki ɗin tagar me yake da ita? Tagar kallon ɓeraye?"

"Ke, bakinki. Zan kira ki gobe."

Ta ga ɗakin, gaskiyar matar Mai Takalma ce. Yana can ƙasa kusa da inda motoci ke sauke kaya. Babu allon suna, babu mai saye da zai ga fuskarta, riguna za su sauko da takarda a maƙale, su koma. Ta tsani ɗakin. Amma da ta zauna a kan kujerar ta taɓa keken da ɗan yatsan ƙafa ya tafi kamar ruwa, wani abu ya motsa a ƙirjinta da ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ya hana ta amsawa ɗaya ne: Uwar Layi ba ta tashi ta bar layi. Sai dai in layin ne ya tashi.

Da la'asar ta tara su a bakin shagonta, ta zazzage makullai uku a kan teburin guga. Dabarar tata ce: a buɗe shaguna uku na wofi, a share, a kunna fitila, a raba musu kaya daga na masu shi, a zaunar da mutum a kowanne. Ɗan mai gini bai san fuskar kowa ba. Mai Takalma zai ba da rabin kayansa, matarsa ta zauna a kai. Mai Turare zai jera kwalabe a na biyu, surukinsa ya tsare. Na uku, shago na goma, jakunkunan Mai Jaka za a rataya.

"Ƙanwata za ta zauna a nan," in ji Mai Jaka. "Wannan ko dutse kika ba ta sai ta sayar."

Uwar Layi ta girgiza kai. "Yarinya ce, za a ga ba ta yi kama da mai shago ba. A sa Baba Makulli."

Baba Makulli ya ɗago daga bencinsa. Shekara biyu ke nan da ya saki shagonsa ya koma yankan makulli a kan tebur a ƙarshen layi, shi ya sa ba ya cikin lissafin bakwai. Tsoho ne mai farin gashi da tsabtar riga. Tun ana ganiyar kasuwa shi ake bar wa shago in za a fita, kuma bai taɓa sayar da ko allura ba sai ya leƙa ya tambayi mai ita. Kayan wani, in ji shi, amana ne, ba a yanke masa kuɗi.

"Ni, Uwar Layi? Ni da ban san jakar mata daga buhun gawayi ba?"

"Za a rubuta maka kuɗin kowacce. Ka haddace kawai."

"Furfurarsa kaɗai ta isa shaida," in ji Mai Turare, aka yi dariya.

Matar Mai Takalma ba ta yi ba. Ta dubi Uwar Layi ido cikin ido ta ce, "Sannu da ƙoƙari, uwarmu." Uwar Layi ta amsa da yawwa, tana jin kalmar kamar tsinin fil a cikin riga.

Har aka tashi ana shara da goge gilas. Uwar Layi ta fi kowa aiki. Ita ta wanke daɓen shago na goma a durƙushe, da gwiwar da take ciwo, ita ta jera jakunkunan manya a sama ƙanana a ƙasa, ita ta yi wa Baba Makulli bita har sau uku. Tana yi tana gaya wa kanta cewa mai son abu ya lalace ba ya durƙusa masa haka. A hanyar gida ta sake gaya wa kanta, a cikin mota ma ta sake.

Ranar Talata layin ya yi kyau har ya ba ta tsoro. Fitilu goma a kunne, ƙamshin turare ya danne warin rufi, Mai Takalma ya kawo rediyo. Goma ta yi babu kowa. Goma da rabi, Mai Jaka ta fara cizon farce. Sha ɗaya saura suka ji takun takalmi a kan matacciyar matakala.

Saurayi ne siriri, da waya a hannu, da wani mutum a bayansa mai riƙe da littafi. Ya gaishe su da ladabi, abin da ya ƙara tayar musu da hankali. Ya bi shagunan yana leƙawa, na bayansa yana rubutu. A wurin matar Mai Takalma ya tsaya, ta cika shi da surutu har ya gudu. Surukin Mai Turare ya fesa masa turare a hannu. Takwas. Tara. Uwar Layi tana tsaye a ƙofarta, almakashi a hannu, ba ta san lokacin da ta ɗauko shi ba.

Ya shiga na goma. Daga inda take tana hango su ta gilas.

"Baba, sannu da kasuwa. Ka daɗe a nan?"

"Shekara ashirin da ɗoriya, ɗana." Ba ƙarya ya yi ba.

Saurayin ya sauko da wata jaka ruwan ƙasa, ya juya ta. "Mahaifiyata za ta so wannan. Nawa?"

Baba Makulli ya faɗi kuɗin daidai, ko gargada babu. Mai Jaka, a shagonta na tsallaken layi, ta sauke numfashi har ana ji. Na bayan ya ɗaga alƙalami zai rubuta.

"Haba Baba," in ji saurayin yana murmushi, "babu ragi?"

 Uwar Layi ta ga hannun tsohon ya tafi aljihu inda takardar take, ya dawo. Ragi ba ya cikin takarda. Ta san abin da zai biyo baya kamar yadda ta san awon wuyansa, kuma tana da lokacin da za ta yi taku uku ta shiga ta ce Baba a bar masa kaza. Ƙafarta ba ta motsa ba.

Baba Makulli ya zo bakin ƙofa, ya leƙo, ya ɗaga murya yadda ya saba shekara ashirin.

"Mai Jaka! Wannan ruwan ƙasar taki, nawa za ki bari?"

Rediyon Mai Takalma kaɗai ke magana. Saurayin ya dubi tsohon, ya dubi Mai Jaka da ta dafe kai, ya dubi bangon shagon inda inuwar tsohon allon wani mai gyaran waya take nan ba ta goge ba. Ya koma na tara ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ga duk layin bayan babu komai a ciki. Bai yi faɗa ba. Ya mayar da jakar inda ya ɗauke ta, a hankali.

"Kun yi ƙoƙari," ya ce. "Wallahi kun yi. Ƙarshen wata."

Takunsa bai gama sauka ba aka yi wa tsohon ca. Mai Jaka tana kuka tana cewa ai da ya ba shi kyauta. Mai Turare ya ce furfurar banza. Matar Mai Takalma, wadda bakinta ba ya hutawa, ita kaɗai ta yi shiru, ta harɗe hannu tana kallon wani wuri dabam. Uwar Layi ta san inda take kallo.

Ta shiga shagonta ta zauna. Wayar tana kan keke, kira biyu daga Auta. Abin da ta ji a jikinta ba baƙin ciki ba ne, sauƙi ne, irin na wanda aka kwance wa ɗamarar da ta matse shi, kuma sauƙin nan ya fi duk zagin da ake yi a waje muni. Yanzu za ta iya tsallaka titi kanta a ɗage. Za a ce Uwar Layi ta yi iya yinta, har daɓe ta wanke, wani tsoho ne ya ɓata. Babu wanda zai iya nuna zare ɗaya da ya fita daga ɗinkin.

Ta tura wa Auta kalma ɗaya ta amincewa, ta rufe keke da zane, ta ɗauki jakarta. Tana jawo ƙofar ƙarfe ta ga Baba Makulli a tsaye, hularsa a hannu, makullin shago na goma a tafinsa. Sauran suna bayansa, sun yi cirko-cirko.

"Uwar Layi, ki yafe mini," ya ce. "Na rushe miki aiki. Bakin ne ya riga ni."

Da ta karɓi makullin ta ce babu komai, da shi ke nan. Ta dube shi. Ta dubi matar Mai Takalma. Ƙofar tana rabi a hannunta, nauyinta yana jan kafaɗarta.

"Mayar da hularka, Baba," ta ce, yadda kowa zai ji. "Shekara ashirin na san ka. Da na zaunar da kai a can, na san wanda na zaunar."