'Yan Kunnen da Baba Ya Ce Ba Su Yi Ba

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda sai an tuna min nake tunawa. Amma ranar da aka yaye mu daga sakandare, ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai ban ga yadda za ta zubar da ita ba. Har gobe idan na tsaya gaban madubi zan sa 'yan kunne, sai ranar ta faɗo min a rai.

A farkon shekarun Jihar Jigawa ne, lokacin da bakinmu bai gama sabawa da sunan ba. Ko allon ƙofar makarantarmu, idan ka duba da kyau za ka hango Kano tana leƙowa ta ƙarƙashin sabon fenti. Makarantar kwana ce ta 'yan mata a Birnin Kudu, ni kuwa daga Gwaram aka kawo ni. Da muka kusa gamawa, 'yan ajinmu suka ce sai mun fitar da anko don bikin yaye. Bayan musu har da masu kuka, aka tsaya a kan wata shuɗiyar atamfa mai zanen fararen ganyaye. Tela ɗaya ya ɗinka mana, ɗinki iri ɗaya, riga da zani da ɗankwali.

To, tunda kaya sun zama ɗaya, sai gasa ta koma kunne da wuya da hannu da ƙafa. Ɗakin kwananmu ya zama kasuwa. Wannan ta ce yayarta za ta aiko mata da sarƙa daga Kano, waccan ta ce awarwaron da kakarta ta sawo a Makka za ta sa. Wadda ba ta da komai ma ba ta rasa abin faɗa ba.

Ina da aminiya 'yar Basirka, mahaifinta ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar Kano. Yarinya ce mai hannun kyauta, ga surutu. Sarƙa da 'yan kunne har kala biyu aka kawo mata, na gwal na gaske, ta ce in zaɓi ɗaya in ara. Na yafa atamfar a kafaɗa, na kara sarƙar a wuya, na dubi ɗan madubinmu mai tsagagge. Na juya dama, na juya hagu. Ni dai Allah ya yi ni da ido, ya kuma haɗa min da taurin kai. Na miƙa mata kayanta na ce, "Wannan shuɗin ba gwal yake so ba, azurfa yake so."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Azurfa? Ke tsohuwa ce? A ina ma za ki same ta yanzu?"

Na ce, "Kin manta 'yar waye ni?"

Mahaifina maƙerin fari ne, wato masu ƙera kayan ado, ba masu fartanya da gatari ba. A zamaninsa, daga Gwaram har Fagam, da wuya a kai amarya ɗaki babu aikin hannunsa a jikinta. Na tashi da ƙarar 'yar masabarsa a zaure, da ƙamshin gawayi, da lemon tsamin da yake wanke azurfa da shi har ta yi fari tas. Sai dai kafin wannan lokacin abubuwa biyu sun haɗu sun kwantar da shi. Kayan kanti masu ruwan gwal sun cika kasuwa, mata sun koma can. Sannan yanar ido ta fara hawa masa idanu, har ya zama ba ya gane mutum sai ya matso ko ya yi magana. Ya rufe maƙera, zugazugi ya bushe a rataye. Idan wani ya kawo gyara sai ya ce, "Ai hannun ya mutu, kai wa wani." Mutum mai barkwanci ya koma zaman shiru a bakin zaure, kuma wannan shirun ya fi komai damuna.

Da aka ba mu 'yan kwanaki mu je gida bayan jarrabawa, na karɓi ƙyallen atamfar a wurin tela na tafi da shi. Ni ce auta, don haka ina faɗa wa Baba abin da yayyena ba sa iyawa. Na same shi a tabarma, na gaishe shi, na ɗora masa ƙyallen a gwiwa.

"Baba, 'yan kunne nake so, irin ganyen nan, da ƙwayar sarƙa."

Ya kai ƙyallen daf da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa. "Auta ke nan. Ki je kasuwa mana, kamar sauran yara."

"Sauran yara ubansu ba maƙeri ba ne."

"Uban naki ma a da ne."

"Ni dai na riga na faɗa wa duk makaranta. In ba ka yi ba, da kunne a sake zan fita, a yi ta nuna ni ana cewa ga 'yar maƙeri."

Ya ce ko ya yarda, babu ko ƙwayar azurfa a gidan. Ashe Inna tana jin mu daga tsakar gida. Sai ga ta ta shigo tana goge hannu da zani, ta murza siririyar munduwar da ke hannunta ta fitar, ta ajiye a kan ƙyallen. Tunda na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin hannun Inna babu wannan munduwar ba. Baba ne ya ƙera mata ita suna sabon aure, kuma shi da bakinsa yake cewa bai taɓa aikin da ya kai ta kyau ba.

Ya shafa ta ya gane. Ya ce, "Haba, ke kuwa."

Inna ta ce, "Malam, na sa ta ta ishe ni. Yarinya ta yi karatu, a yi mata abin fita." Ta juya ta koma kan tukunyarta, ba ta jira amsa ba.

Na koma makaranta ina tafiya kamar ƙasar tawa ce. Komai nawa na zaɓe shi ne don 'yan kunnen da ban ma gani ba. Na sayi farin mayafi marar ado. Na zagaye kasuwar Birnin Kudu har ƙafata ta yi ciwo kafin na sami farin takalmin da babu ɗigon ruwan gwal a jikinsa, mai takalman har ya gaji ya ce, "'Yan mata, wai takalmi za ki saya ko bincike aka turo ki?" Jaka ma fara na nema. Cika baki kuwa na yi shi har na wuce wuri. Duk wadda ta tambaye ni sai in ce ta dai jira ta gani.

Ranar biki da hantsi motar Gwaram ta sauke iyayena. Na hango Baba cikin farar rigarsa ta Juma'a, Inna na gefensa tana nuna masa hanya da baki. Na ruga na durƙusa. Bayan gaisuwa ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar leda ya miƙo min. Na buɗe. Sarƙa da 'yan kunne ne na kasuwa, rawaya shar, har da kwalinsu.

Ya ce, "A tasha na tsaya na sayo miki. Aikin bai yi ba, Auta. Ki yi haƙuri."

Bai ɗago kai ba da yake faɗa. Na taɓa ganin Baba cikin rashin lafiya, na gan shi ranar da ya binne ƙaninsa, amma ban taɓa ganin kunyata ta kama shi ba sai ranar. Sai a sannan na gane girman abin da na ɗora masa: ya narka aikinsa mafi kyau, ga shi yana ganin bai iya mayar da ko rabinsa ba.

Inna ta ce in raka ta ta sha ruwa. Muna shan kwana ta ja ni bayan wani aji, ta kwance ƙullin bakin zaninta. Ta ce Baba ya yi ya narka, ya sake yi ya narka, har yatsunsa suka ƙone. Ƙwayar sarƙar ma bai kai gare ta ba. Na ƙarshen nan da ya shafa ya ji ba su daidaita ba, sai ya watsa su cikin toka ya ce kada wanda ya ƙara yi masa maganar. Ita ta tone su, ta wanke da lemon tsami.

"Ban ce ki sa ba," in ji ta. "Na dai ce ki gani, don ki san ya yi."

Ta zuba min su a tafin hannu. Ganyaye ne guda biyu, farare tas, kowanne da jijiyoyinsa kamar na jikin atamfar. Amma ba zan yi ƙarya don ubana ne ba: na hagun ya fi tsawo, ya ɗan karkace, kuma wajen liƙin ya yi tudu. Ko daga nesa mai ido zai gane. Na dubi hannun Inna, inda munduwar ta bar farin zobe a fatarta, na dunƙule ganyayen a hannuna.

A ɗakin kwana ana ta hada-hada, hoda na tashi, ana neman allurar riga. Na baje kaya uku a kan gadona: gwal ɗin da aminiyata ta sake miƙo min, ledar tasha, da ganyayen Baba. Aminiyar tawa ta ɗaga ganyayen ta duba, kuma don Allah ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin san dabara? Sa su, sai in ɗaura miki ɗankwali ya sauko ta hagu ya rufe wancan. Na daman ai babu laifi, kowa zai ce salo ne."

Shawara ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ta ba ni. Har na zauna ta fara naɗawa. Amma da na ji ƙyalle ya sauko ya danne min kunne, sai raina ya ɓaci. Mutumin da ya ƙona yatsunsa a kan abu, ni ce zan ɓoye masa shi kamar abin sata? Na warware ɗaurin na ce ta ba ni wuri. Na tattare gashina, na ɗaga ɗankwalin can sama, na ɗaure shi tamau, kunnuwa biyu duk a waje. Wuyana na bar shi haka ba sarƙa, mayafin na saƙale shi a kafaɗa don kada ya kare komai.

Ta ce, "Wallahi za a gani."

Na ce, "Don a gani na sa."

An kuwa gani. Muna jerawa wata ta ce, "Ke, ɗan kunnenki ɗaya ya lanƙwashe." Na ce haka aka ƙera shi, kuma mahaifina ne ya ƙera. Wata ta taɓa ta kusa da ita suka yi ƙus-ƙus. Ban ce abin bai sosa min rai ba, shekaruna nawa a lokacin? Amma da aka kira sunana in karɓi kyautar lissafi, na miƙe na ratsa tsakiyar taro kaina a sama, ina jin ganyayen suna kaɗawa suna taɓa min wuya. Ban taɓa jin na yi kyau kamar wannan tafiyar ba, har ranar aurena.

Baba yana cikin rumfar iyaye, ya ji sunana, amma daga inda yake ba ya ganin komai sai shuɗi-shuɗi. A zatonsa kayan tasha ne a jikina. Da aka tashi na nufe su da kyautata, na durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu a kaina zai sa min albarka, hannun ya sauko gefen fuskata, ya ci karo da ɗan kunnen. Sai addu'ar ta tsaya masa a baki. Ya kama shi da yatsu biyu, ya bi jijiyoyin ganyen, ya tsaya a kan tudun liƙin. Ya kai hannu ɗaya kunnen ya shafa.

"Wa ya ba ki waɗannan?"

Inna ta kawar da kai tana gyara mayafi.

"Auta, a haka kika shiga gaban mutane? Na hagun ai ya karkace."

"Na sani, Baba."

"Kuma ba ki rufe ba?"

"Me zan rufe? Duk wadda ke wurin nan saya mata aka yi. Ni kaɗai aka ƙera wa."

Ya sauke hannunsa daga kunnena. Ya ja hularsa gaba kaɗan, ya ce rana ta yi zafi. Ni dai hawayena nake yi a fili, ban nemi wani dalili ba.

Muna hanyar fita, wata Hajiya, mahaifiyar wata 'yar ajinmu, ta tsayar da ni ta kama haɓata tana juya fuskata. Ta ce rabonta da ganin aikin azurfa na hannu tun tana budurwa. "'Yata, a ina kika samo waɗannan?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ji murya daga bayana, da ƙarfinta, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Aikina ne, Hajiya. Ni na ƙera."

Baba bai ƙara ƙera wani abu ba bayan wannan, idon bai bari ba. Amma daga ranar ya dawo mai hira, kuma har ya koma ga Allah, duk baƙon da ya zauna a zaurenmu sai ya ji labarin yadda autarsa ta shiga taro da aikinsa. Abin da na koya shi ne, idan wanda yake ƙaunarka ya ba ka iyakar abin da ƙarfinsa ya kai, godiya a ɗaki ba ta isa ba. Ka sa shi a jikinka ka fita inda za a gani, da karkacewarsa da komai, domin wani lokacin mutuncin mutum gaba ɗaya yana rataye ne a kan ko za ka ɓoye ko ba za ka ɓoye ba.