Kwalbar da Na Kai da Hannuna

Ni na kai kwalbar wurin gwaji. Haka na riƙa gaya wa mutane, kuma gaskiya ne, ni na kai ta. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Duk da haka matata ta rasa yatsun ƙafa biyu a kan maganata.

Da na sauka Iddo a Legas ina saurayi, a hannun wani dattijo ɗan garinmu na zauna, mai sayar da wake buhu-buhu. Shi ya koya mini aiki. Akwai wani ƙarfe mai tsini, mai rami a ciki kamar bututu, da ake soka wa buhu sai wake ya zubo a tafin hannu. Dattijon nan bai taɓa yarda mai kaya ya kwance masa bakin buhu ba. Cewa yake na baki ai don mai saye aka zuba shi. Sai ya zagaya bayan mota, ya nuna buhun da ke can ƙasa a ciro, ya soka masa ƙarfen a gindi. In akwai ƙwari ko tsakuwa, nan za su fito. Na fi shekara goma ina soka buhu. Aji uku na yi a firamare, amma ba wanda ya taɓa sayar mini da wake mai ƙwari.

Dattijon ya rasu, kasuwar ta watse mana. Na koma okada. Da aka kore mu daga manyan tituna, na koma kai saƙo da mashin mai akwati a baya, kuma shi nake yi har yau, ga furfura, ga ciwon baya.

Autan dattijon a Agege aka haife shi, a gabana ya yi rarrafe. Matata ta goya shi. Wainar da ya ci a gidanmu kyauta, da ana tarawa da ta cika motar danfo. Ya girma ya buɗe shago a Ojo, gefen Alaba, yana shigo da caja da kayan waya daga waje. Baba yake ce mini, ni kuma in ce masa Oga tun da shi ke ba ni aiki, sai ya yi dariya ya ce in daina, kunya nake ba shi.

Wata rana ya kira ni ya nuna mini sabon kaya. Ƙananan kwalabe ne, ba su kai ɗan yatsa ba, da farin gari a gindinsu. Ya ce sunansu feftayid. Ana zuba ruwan allura a ciki ya narke, mutum ya yi wa kansa allura a fatar ciki sau ɗaya a sati, yana rage ƙiba yana sauke sukari. Ya ce na kemis sai masu manyan motoci, nasa kuwa ta waya ake saye, ni zan riƙa kaiwa gida-gida. Na tambaye shi ina lambar hukumar magunguna. Ya ce babu, amma yana da abin da ya fi ta. Akwai wani ɗakin gwaji a Turai, ba nasa ba ne, ba na masu haɗa maganin ba ne, ba su san shi ba, ba ruwansu da cinikinsa. Duk lokacin da kaya suka iso sai ya aika musu kwalba ɗaya su gwada, su turo takarda. Ko sarki ne ya aika musu ruwa, ruwa za su rubuta.

Wannan maganar ta shige ni. Mutumin da bai san ka ba, bai san mai kaya ba, me zai sa ya yi ƙarya?

Aikin kai kwalbar ofishin aika saƙo a Ikeja nawa ne. Oga zai shiga ɗakin ciki, inda yake da ƙaramin firij, ya fito da kwalba mai sanyi, ya sa a ambulan, ya liƙe a gabana. Sai ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo, ni a tsaye da ambulan a hannu, da gemuna da hulata, shi kuma yana cewa ga Baba nan, amintaccen mahaifina, shi zai kai da kansa. Bayan sati biyu ko uku takarda ta dawo a waya. Ban iya karanta ta ba, amma akwai zane a jikinta, layi kwance sai ya miƙe sama kamar dutse guda ɗaya, ya sauko. Oga ya ce wannan dutsen shi ne maganin, in dutse ɗaya ne to ba a gauraya da komai ba. Ya sa takardar da bidiyona a wayarsa, kowa yana gani.

Kayan da nake kai wa mutane kuwa daga kwalayen da ke ƙarƙashin tebur ake ɗebo mini. Murfi iri ɗaya, takardar jiki iri ɗaya. Na gani da idona sau ba adadi. Ban taɓa cewa ni zan zaɓa ba. Ɗan maigidana ne.

Matata waina take soyawa a bakin layinmu, Yarabawan unguwa suna ce mata Iya Masa. Ta daɗe da ciwon sukari. Duk wata sai ta rufe tanda ta tafi asibiti ta bi layi, a ba ta ƙwayoyin safe da yamma. Ga jiki, ga gwiwa. Ta gaji, ni ma na gaji da jin ta gaji. Matan unguwa suka fara zancen allurar, wata ta nuna mata bidiyona, ta dawo tana mini tsiya wai ashe ɗan fim ta aura ba ta sani ba, a tsufana. Muka yi dariya. Da ta gama wanke tanda sai ta zauna kusa da ni ta daina dariyar.

“Malam, tsakaninka da Allah, abin nan na gaskiya ne?”

“Ni nake kai kwalbar da hannuna,” na ce mata.

Ba ta ƙara tambaya ba.

Na je sayo mata, na gaya wa Oga na Iya ne. Ya ce haba, Iya ai uwa ce, ba zai karɓi komai ba. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗebo kwalabe ya zuba mini a leda. Ya ce ta ajiye ƙwayoyin asibiti, in an haɗa biyu sukarin zai faɗi ƙasa da yawa. Na zo na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta ɗaure ƙwayoyin a leda ta jefa saman kwaba. Ni nake mata allurar duk Juma'a bayan na dawo masallaci, don ita ba ta iya kallon tsinin.

Ta fara ramewa. Zaninta ya riƙa zagaye ta da saura. Mata suna tsayawa a gaban tanda suna yabawa, wata ma ta ce in yi hankali kada samari su ƙwace mini ita. Na ɗauki hotonta na tura wa Oga, ya sa a wayarsa kusa da takardar. Tana shan ruwa kamar an ɗora ta a kan wuta, tana zagawa ba iyaka, muka ce aikin magani ne. Ban san cewa sukari in ya yi yawa shi ma yana ramar da mutum ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Garwashi ne ya faɗo mata a ƙafa, ƙarami, irin wanda ya sha faɗo mata tun muna amare. Ta shafa man kaɗanya ta ci gaba da aiki. Sati ya zagayo bai warke ba. Wani satin wurin ya yi baƙi, ya fara wari. Ranar da ta kasa taka ƙafar na ɗora ta a keke mai ƙafa uku muka tafi asibiti.

Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar Kudancin Kaduna ce, da ta ji Hausarmu sai ta juya ta yi mana Hausa. Ta soki yatsan matata ta sa jinin a na'ura, ta duba, ta sake. Ta tambayi wane magani take sha. Na ciro waya da ƙarfin gwiwata na nuna mata takardar, har da dutsen. Ta duba da kyau, ba ta raina ni ba. Ta ce mai yiwuwa takardar gaskiya ce, amma takarda ce ta kwalba ɗaya, wadda aka aika. Ta ce a jikin madam dai ba ta ga alamar wani magani ya shiga ba tun watanni.

Na fita waje na zauna a kan dakalin asibitin. Ba abin da ya zo mini sai dattijon nan yana zagayawa bayan mota da ƙarfe a hannu. Wata da watanni ɗansa yana kwance mini bakin buhu, ni kuma ina ɗauka ina kai wa Turawa, ina washe baki a bidiyo.

Kwana huɗu bayan nan suka cire mata yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Likita ya ce mu gode wa Allah da ba ƙafar ba ce.

Ban ce wa Oga komai ba sai cewa Iya ba ta da lafiya. Ya turo lemo da ayaba. Tana kwance a asibiti sabon kaya ya iso, ya kira ni. Ya shiga ciki ya fito da kwalba mai sanyi, ya liƙe ambulan, ya ɗaga waya. Na tsaya aka ɗauke ni. Daga Ojo ban wuce Ikeja ba, na biyo gida. Akwai kwalba ɗaya da ta rage cikin na matata, ba a buɗe ba, tana firij ɗin maƙwabta. Na farke ambulan a hankali, na cire tasa na sa tamu, na sayi salatif a kantin bakin layi na liƙe, na kai.

Kusan sati uku sai ga kiransa, ya ce in zo yanzu. Na same shi shi kaɗai, ya ja ƙofar shago rabi. Ya tura mini wayar a kan tebur. Takarda ce irin ta kullum, da tambarinsu, amma ba dutse. Layin kwance yake daga farko har ƙarshe, sai ɗan tudu da bai kai ƙwayar gero ba.

“Baba, me ka sa a ambulan ɗin nan?”

“Abin da ka ba matata.”

Ya daɗe yana magana. Ya ce shi ma cutarsa aka yi. Ya ce wurin kamfani biyu yake saye, ɗaya mai kyau amma da tsada, ɗayan kuma sun rantse masa duk abu ɗaya ne. Ya ce kowa a harkar haka yake yi, in bai yi ba ba zai iya tsayawa da su ba. Yana yi yana haɗawa da Turanci da Yarabanci, kamar yadda yake yi in ya rikice tun yana ƙarami. Na bar shi ya gama. Na tambaye shi, tun da sun rantse masa, me ya hana shi ko sau ɗaya ya aika na cikin kwali. Na ce to ranar da na ce masa na Iya ne, firij ɗin ai taku uku ne daga inda yake zaune.

Ya kalli ƙasa ya ce, “Na firij kaɗan ne, Baba. Na gwaji ne da na manyan kwastoma.”

Na sha jin zagi a titin Legas, daga 'yan danfo, daga 'yan sanda, daga yaran da na haifi irinsu. Ba wanda ya taɓa zauna mini a ƙirji kamar wannan, kuma cikin ladabi ya faɗa. Na ajiye masa kwalbarsa mai kyau a kan tebur, wadda na cire. Ban san me ya sa na dawo masa da ita ba. Na fita.

Na bi mutanen da na kai wa kaya, waɗanda na tuna gidajensu, daga Agege har Abule Egba, ina gaya musu. Wasu suka gode. Wata mata ta ce ai ita ta ga takarda, wataƙila faɗa muka yi da ogana nake ɓata masa suna. Ta nuna mini wayarta. Sabuwar takarda ce, da dutsenta, da wani dattijo mai gemu riƙe da ambulan. Ban san shi ba. Na yi tunanin in neme shi, har yau ban samu inda yake ba. Nawa bidiyon ma yana nan yana yawo, ba ni da yadda zan janye shi.

Matata ta dawo gida. Tana tura auduga a gaban takalmin hagu don kada ya zame. Ta koma tanda, amma a zaune, ƙafar a kan kujera nesa da wuta. Na gaya mata komai, har zancen firij. Na zaci za ta zagi yaron. Ba ta ko ambace shi ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba, da ma ta yi.

Da ƙwayoyin asibiti suka kusa ƙarewa, na ɗauki kwalin na je babban kemis na sayo irinsu sak, don in rage mata wahalar layi. Ta karɓa ta ce an gode, ta ajiye a saman kwaba. Washegari na ga ta yi wanka ta ɗauko katin asibiti. Na ce ga magani na kawo jiya, na ƙwarai ne, na duba.

Ta ce, “Na sani, Malam. Wancan ma ka duba. Ni ban iya karatu ba, ban taɓa yarda da wata takarda ba. Kai ka ce mini.”

Na ce to bari in kai ta. Ta yarda. Ta hau bayan mashin a karkace saboda akwatin, ta riƙe rigata kamar da. A ƙofar asibiti ta sauka, na miƙa hannu in karɓi katin in bi mata layi, sai ta sa shi a cikin zani ta ce in jira a nan.

Haka muke yi duk wata yanzu. Ina kashe mashin a gindin katanga, kusa da mai gasa masara, in zauna a kai. Wani lokaci sai bayan azahar take fitowa, da ledar maganinta a hannu, ta ɗaure bakin da kanta.