Ɗorawar Iya da Famfon Iska

Ranar wata Alhamis da hantsi, a bazarar da nake aji huɗu na firamare, aka sare ɗorawar kakata a bayan gidanmu a Inkil. Waɗanda ke wurin su ne ni, da kakar tawa Iya Hassi, da ɗan ƙaninta Kawu Bala, da ma'aikata biyu da suka zo da injin yankan itace. Famfon iska za a kafa wa unguwa, mai farfela a saman dogon ƙarfe, wanda zai jawo ruwa daga ƙasa ya zuba a tanki. Ma'aikatan sun ce itaciyar tana tare iska.

Gonar da ɗorawar ke ciki ta Kawu Bala ce, shi ya ba da filin. Amma a wurinmu gona daban, ɗorawar da ke cikinta daban, kuma wannan Iya ta gaje ta daga mahaifiyarta. Baƙin ba su san haka ba. Shi ya sani, bai gaya musu ba. A gindinta na koyi 'yar carafke, bakina rawaya da garin ɗorawa. Da kalwarta Iya ke yin daddawar da matan Fadaman Mada ke aikowa a saya, da makubarta muke daɓen tsakar gida. Ranar da aka kayar da ita 'ya'yan sun kusa nuna.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Bala, da kunun itaciyar nan na yaye ka." Ya ce, "Iya, ci gaba ne ya zo." Ta sunkuya ta tsince abin da zai tsintu, ta ƙulle a gefen zane, muka shige gida.

Famfon ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ruwa garai-garai, mata suka huta da guga, yara na ta tsalle a bakin tanki suna yi wa farfela waƙa. Gidanmu kaɗai bai sha ba. Kullum kafin makaranta sai na wuce ta gabansa da tulu zuwa tsohuwar rijiya, ƙawayena na kirana 'yar gidan masu fushi da iska. Ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba.

Akwai sarƙar da ake ja a tsayar da farfelar idan hadari ya taso, in ba haka ba guguwa ta karya ta. Kawu Bala cikin gari yake zaune, gidanmu kuma shi ne mafi kusa, don haka ya aiko a ce wa Iya ta riƙa sa ni ina ja. Aike ya yi, bai tako da ƙafarsa ba. Iya ta ce wa ɗan aiken, "Wanda bai neme ni ranar sara ba, kada ya neme ni ranar hadari."

Bayan la'asar wata rana gabas ta yi baƙi ƙirin, maza duk suna gona. Ni da Iya muna zaure tana ɓarar gyaɗa. Farfelar ta fara gudu tana kuka kamar akuyar da aka danne, ƙarfen na rawa tun daga tushe. Sarƙar na gabana, tana lilo. Na dubi Iya, Iya ta dubi gyaɗarta, na gyara zama. Da fukafukan suka tsinke, ɗaya ya tashi ya kwantar da dawar Kawu Bala. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina wanda har yau ban ji kunyarsa ba. Iya ta ce, "Tura ƙofar nan, feshi na shigowa."

Yanzu gidaje sun cinye gonakin, jikokin unguwar ba su san ƙamshin kalwa a kan wuta ba. Ni kuma yanzu labarai nake karantawa a gidan rediyo; idan labarin wutar lantarki ta iska ya zo ina yi mata fatan alheri, sai dai nakan so in ji wa aka tambaya kafin a haƙa rami.

Bayan guguwar nan mata sun koma rijiya suna mita, amma a zaman da dattawa suka yi babu wanda ya ambaci sunan Iya. Kawu Bala suka kira. Ba a gyara famfon ba, ƙarfensa 'yan gwangwan suka kwashe.