Kwana Uku a Inda Waya Ba Ta Shiga

A shekarar da ciwon Inna ya tsananta, ba na fita aiki sai na ji muryarta. Tana Kano, ina Tremont a ƙasar Turawa, bambancin agogonmu awa biyar ne. Da na idar da sallar asuba sai in kira ƙanwata, wadda ke jinyarta, ta kara mata waya a kunne. Wata rana gaisuwa kawai muke yi, wata rana ta rufe ni da faɗa a kan ba na shan maganin hawan jinina. Na riga na san ba lallai in same ta da rai ba idan na tashi zuwa gida. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada ta tafi ba mu yi sallama ba.

Ana cikin haka, wata Alhamis, maigidana ya shigo da tanti biyu a kafaɗa. Mutumin da ko bakin kogi aka ce ya raka mu sai ƙafarsa ta fara ciwo, shi ne wai zai kai mu daji mu yi kwana uku. Ya ce can arewacin jihar akwai kwazazzabai masu zurfi, ruwa na zubowa daga kan duwatsu, ya kamata 'yan matanmu biyu su ga ikon Allah.

Na ce, "Baban yara, mu da muka baro kwanan ƙasa da ƙyar, shi ne za mu koma masa da gangan? Kuma Inna fa?"

"Na yi magana da Yaya ɗazu," in ji shi, yana nufin babban wanmu. "Jiki ya yi sauƙi, har kunu ta sha. Ke ma kina bukatar hutu, dubi yadda kika rame."

Na yarda, domin shekara goma sha tara muna tare ban taɓa kama shi da ƙarya ba. A ranar na hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Harlem na sayo kilishi, na dawo na yi dambun nama. Muka loda wa mota tukunya da buta da darduma da barguna, kamar masu ƙaura.

Ranar Juma'a da safe na ɗauki waya zan kira gida, ya ce an kai Inna awo asibiti, in bari sai an jima. Da muka shiga mota ya kafa doka, wai tafiyar nan ta iyali ce, kowa ya kawo wayarsa. Ya kashe su ya zuba a aljihun mota. Bayan awa biyar hanya ta tsuke, gidaje suka ƙare, muka gangara cikin wani kwari inda ko an kunna wayar babu sabis.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne na ji daɗin wurin. Dutse ya tsage biyu, ruwa na gudu a ƙasa, sanyinsa har cikin ƙashi. Na naɗe zani na shiga na yi alwala. Tantinmu ya rushe a kan baban yara sau biyu, na yi dariya har da riƙe ciki. Na dafa shinkafa a kan itace, 'yan matan suka ce da Turancinsu ta fi ta gida daɗi. Kullum da safe shi yakan hau tudu shi kaɗai, wai duba motar da muka bari can sama da wayoyinmu a ciki. Ranar Asabar ya dawo idonsa jajur, na tambaye shi, ya ce hayaƙi ne. Ni kuwa na zauna ina tsokanarsa da cewa ɗan birni ya sha wuya.

Muka dawo Lahadi da la'asar. Tun daga bakin lif na hango takalman mata jere a ƙofarmu, sun kai har ƙofar maƙwabta. Babu wanda ya gaya mini komai, amma na gane. Maƙwabciyata 'yar Maraɗi, wadda muke bar wa makulli, ta fito ta riƙe ni ta ce, "Sai haƙuri, 'yar uwa." Inna ta rasu tun Asabar, an kai ta a ranar.

Na san al'adarmu. Ni ma na taɓa ce wa wata jikin mahaifinta ya yi tsanani alhali an riga an yi masa sutura. Amma wannan na ɗan lokaci ne, kafin a sami wanda zai zauna kusa da mutum. Ni kuwa, ashe tun Alhamis likita ya ce su mayar da Inna gida, babu sauran abin yi. Yaya da maigidana suka yanke shawara a waya cewa zuciyata ba za ta ɗauka ba, aka ɗauke ni aka kai ni daji tana raye.

Na sami maigidana a kicin. Ya ce, "Don lafiyarki muka yi. Da jininki ya hau fa?"

Na ce, "Jinina ne, kuma uwata ce."

Ya miƙo mini wayata, na shiga ɗaki na kira ƙanwata. Muka yi kuka mai isarmu, sannan na tambaye ta ko Inna ta neme ni.

Ta ce, "Yaya, an ce kada in gaya miki."

Na ce ta gaya mini.

Ta ce ranar Juma'a bayan azahar Inna ta farka garau, ta ce a kira mata ni. Ta kira, waya a kashe. Ta sake kira, haka. Sai Inna ta ce a ba ta wayar, ai su ne ba su iya ba.

"Na ba ta, Yaya. Ta riƙe ta a kunne tana jira, har hannunta ya gaji."