Tukwanen da na kira shara

Shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu a Zuru, na tafka wata katoɓara wadda har yau in na tuna sai in miƙe tsaye ba dalili.

Wani kamfani ne ya zo neman filin gina tashar wutar lantarki a gindin dutsen ƙauyenmu, ta wajen Manga. A kasuwa har an gama yanke hukunci cewa ta nukiliya ce, wai kaji ma za su daina ƙwai. Ni dai ban ga takardar da ta ce haka ba. Motar kamfanin ba ta iya hawa dutsen, sai injiniyarsu, wata mata daga Abuja, ta ɗauke ni in zaga da ita a mashin saboda ina ɗan taɓa Turanci. Kai, ranar kaina ya kumbura!

A kan dutsen akwai tsofaffin kaburburan mutanenmu. A al'adarmu ta da, tukwane ake kafawa a kan kabari, wasu da siffar mutum, wasu ta dabba. Kakana, mahaifin mahaifiyata, yana nan kwance. Injiniyar ta nuna da biro ta ce, "Waɗannan tukwanen fa, na mene ne?"

Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba. Na yi makaranta, ina zuwa coci da taye a wuya, ba na so baƙuwa ta koma ta ce ta je garin matsafa. Sai na kaɗa hannu na ce, "Shara ce kawai, madam. Mata ne ke zubar da fasassun tukwane a nan." Ta rubuta. Ta miƙo takarda in shaida a matsayin ɗan gari, na zuba mata sa hannu mai doguwar wutsiya kamar na gwamna.

Bayan 'yan watanni ƙaramar hukuma ta ce atafau ba za a gina tashar a nan ba. Hujjarta biyu, rafin da mutane ke sha da kuma kaburbura. Hukumar da ke duba irin waɗannan ayyuka ta sa ranar zama a sakatariya don ta ji kowane ɓangare. Ana saura sati guda, abokina da ke masinja a can ya tare ni a tasha.

"Kai, ka san rahoton kamfani ya ce babu kabari ko ɗaya a dutsen? Wai ɗan gari ne ya shaida. Na ga sa hannun. Wutsiyar nan ba mai yin ta sai kai."

Na ce, "To yanzu yaya ke nan?"

"Yaya kuwa? In hujjar kaburbura ta faɗi, katafila za ta hau dutsen. Ka tafi Yawuri ka yi sati biyu, kafin tsofaffi su san kai ne."

Satin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki fasinja in wuce da shi inda zai sauka, sai ya dake ni a kafaɗa. Sau biyu ina cika tanki da niyyar Yawuri, in kai bakin gari in juyo. Na je gindin dutsen, na kasa hawa, na dawo tasha, na kasa tsayawa a layi. Tuwo ma a tsaye nake cin loma biyu in ajiye.

Ranar zaman, mahaifiyata ta ɗaura zanenta na zuwa coci ta ce, "Tayar da mashin, kai za ka kai ni. Ina so in ga fuskar wanda ya ce ubana ba ya nan."

Muna tsakiyar hanya na ce, "Mama, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na faɗa masu. Na ce shara ce."

Na rage gudu zan tsaya, ta ce, "Wa ya ce ka tsaya? Tuƙa. Ba ni za ka faɗa wa ba, can za ka faɗa."

Zauren ya cika maƙil, ga ciyaman, ga kansiloli, ga tsofaffin sojojinmu a layin gaba. Lauyan kamfani yana ɗaga takardar da na sa wa hannu, na miƙe tun kafin ya kai ga sunana. Na ce, "Ranku ya daɗe, ni na sa hannu, kuma ƙarya na yi. Kaburbura ne. Kakana yana ciki." Shugaban zaman ya tambaye ni ko wani ne ya sa ni. Na ce a'a, kunya na ji. Wani tsohon saja ya juyo ya ce, "Kunyar wa?"

Aka ba da umarni a sake duba filin tare da dattawa. Daga baya kamfanin ya nemi wani wuri. An daɗe ana kirana "Shara" a tasha, ni ma ina tayawa da dariyar dole.

Abin da ban taɓa yi wa dariya ba shi ne ranar sake dubawar. Mahaifiyata ta hau dutsen da ƙafarta, ta ƙi mashin ɗina. Ta durƙusa gaban kabarin kakana, ta share tukunyar da bakin zanenta, ta kira ni.

"Sa yatsanka nan," ta ce. Wani ɗan lotsawa ne a wuyan tukunyar. "Babban yatsana ne. Ni na gina ta, ina da cikinka wata bakwai."

Mama ta rasu yanzu. Mutanen gari sun yafe mani tuntuni, ita ma ba ta ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Amma har yau in baƙo ya tambaye ni wani abu game da mutanenmu, sai in ji tsohuwar kunyar nan ta taso, in haɗiye ta, in faɗa masa gaskiya dalla-dalla. Wasu har su gaji da bayanina, ni kuwa ba na iya yin shiru.