Goggo Zo-ki-faɗa da buƙata ta tara

A'a, ku dakata. Kwana uku kuna faɗa a dandalin nan na waya a kan na'urar ɗaukar hoton ciki da albashin likitoci, amma babu wanda ya karanta takardar nan har ƙasa. Ƙungiyar asibitoci ta kai wa majalisa buƙatu goma, tana so a sa su cikin sabuwar dokar lafiya. Ku kun tsaya a ta ɗaya da ta biyu kuna zagin juna. A ganinku da an kawo na'ura, an ƙara albashi, shi ke nan mara lafiya ya warke. To, na'ura ta ga abin da ke cikinsa, likita ya karanta. Wa zai gaya masa da yaren da yake ji? Ita ce buƙata ta tara: kowane asibiti ya ɗauki tafinta, mai albashi, mai sunan aiki. Layi biyu ne kawai. An cire ta, ba ku ma lura ba.

Ku zauna in gaya muku wadda take yin wannan aikin tun kafin a rubuta shi.

Goggona ce, yayar babana. A tashar mota ta tashi, tana wanke kwanukan kakata mai sayar da abinci. Boko aji uku ta yi. Amma kafin ta kai shekara goma sha biyar tana jin yare huɗu: namu, na mutanen bakin kogi, na mutanen kan duwatsu, da na boko wanda likitoci ke yi. Ta ce da zagi ta fara koyon kowanne, sauran ya biyo baya.

Shekara goma sha tara tana goge ƙasa a ɗakin mata na babban asibiti. Gado arba'in, nas biyu. A makonta na farko wani likita ya tsaya kan wata tsohuwa daga bakin kogi yana ta ɗaga murya, kamar ƙarfin murya ne zai fassara masa. Goggo tana ƙarƙashin gado da tsumma ta ce, "Cewa take ba cikin ne ke ciwo ba, bayan ne." Daga ranar nan nas-nas suka fara kira daga ƙarshen ɗaki: "Inna, zo ki faɗa mata!" Har ya zama sunanta. Masu gadi ma ba su san na gaskiyar ba.

Tana da yadda take yi. Ta jingina sandar goge ƙasa da bango, ta share hannu a jikin rigar aiki, ta tsaya ta wajen ƙafar gado. In ta ji likita ya rage murya, ta san labarin ba daɗi, sai ta fara tambaya, "Da wa kika zo? Kira shi ya zauna." Ba ta kallon fuskar mutum, ƙarfen da ake rataya ƙarin ruwa take kallo. Wanda bai iya karatu ba, ta ɗaura masa zare a ledar magani: ƙulli ɗaya na safe, biyu na rana, uku na kwanciya. Zaren ɗinkinta ne na gida.

Na taɓa tambayarta mutum nawa ta gaya wa ba zai tashi ba.

"Ke 'yar waya, wa yake ƙirga wannan?"

"Ba ya damunki?"

"Da can. Yanzu bakina ne ke yi, ni ina gefe."

Ranar da mijinta ya cika, a wannan asibitin ne, a ɗakin maza, ita tana bakin aiki. Likita ya sa aka kira ta, ya rage murya, ya faɗa mata da yaren boko. Ta juya ta maimaita da Hausa, tiryan-tiryan yadda ta saba, har da "sai haƙuri". Babu kowa a gefenta sai kujerar roba. Ta koma ta ƙarasa goge baranda saboda ruwan bokitin bai huce ba. Sai da ta zubar da shi ta kira babana.

Shekara biyu da suka wuce asibiti ya miƙa aikin shara ga wani kamfani. Kamfanin ya kawo sabbin riguna da sabon mai duba aiki, wani dogo da 'yan shara suka sa wa Malam Agogo, don ba ya magana sai ya duba hannunsa. Dokarsa ɗaya: wanda ya bar bokitinsa ya sami takardar gargaɗi, takarda uku kora. Kamfanin bai san wata Zo-ki-faɗa ba. Ma'aikaciya mai lamba ya sani.

"Inna, bokitinki ya yi kewarki, minti arba'in."

"Ka gaishe shi, ɗan nan. Ka ce ina tafe."

"Ni fa ba wasa nake ba. Likita ne ke ba ki albashi?"

"Kai ma ba kai ba ne."

Takarda ta farko ke nan. Ta ninke ta ta sa a jaka tare da zare.

Ta biyun ita ce ta fi ba ni haushi. Da kwamitin majalisa ya sa ranar jin ra'ayin jama'a, shugaban asibiti da kansa ya aiko a kira ta. Ya ce ita ce shaidarsu a kan buƙata ta tara, za a ba ta minti uku. Ta sa kayanta na fita, na raka ta. Muka zauna a benci a baranda tun ƙarfe tara. Tana ta bitar abin da za ta ce, a hankali, da yaren boko, tana gyara kanta. Masu na'ura suka shiga suka fito. Masu maganar gini suka shiga da zane a naɗe. Wajen ƙarfe biyu wani sakatare ya leƙo ya ce 'yan majalisa sun ce goma ta yi yawa, ƙungiya ta zaɓi biyar. Cikin minti goma suka zaɓa, a tsaye, a bakin ƙofa, muna kallo, babu ta tara a ciki. Shugaban asibiti ya zo ya durƙusa kaɗan.

"Mama, ki yi haƙuri. A zagaye na gaba."

"Ba komai, Likita. In tafi?"

Aka ba mu ruwan gora ɗaya-ɗaya. A mota ta cire ɗankunnenta ta sa a jaka. Washegari Malam Agogo ya miƙa mata takarda, wai ba ta zo aiki ba. Ta ce asibiti ne ya kai ta. Ya ce asibiti daban, kamfani daban. Aka je wurin shugaban asibiti, sakatariyarsa ta ce yana taro.

Saura ɗaya. Kowa a ɗakin mata ya sani. Babbar nas ta tara yaranta ta ce kada wanda ya ƙara kiran Inna a lokacin aiki. Kwana goma sha ɗaya Goggo tana goge ƙasa kai a sunkuye, tana jin ana kuskure da yare uku a saman kanta, ba ta ɗago ba.

Rana ta goma sha biyu da hantsi aka kawo wata mata daga kan duwatsu, ciki wata tara, jini na zuba. Sai an yi tiyata, sai mijin ya sa hannu. Mijin ya riƙe takardar ya ƙi. Shi abin da ya fahimta, za a cire mata mahaifa gaba ɗaya, kuma ana so ya yafe ranta. Likita na nuna agogon bango, nas na kwatance da hannu, mutumin na ja da baya yana neman ya ɗauki matarsa su tafi. Malam Agogo yana tsaye a bakin ƙofa da allonsa.

Ba wanda ya kira ta. Ta jingina sandar da bango.

"Inna," in ji Malam Agogo, murya ƙasa-ƙasa. "Ina kallo fa."

"Kalla, ɗan nan. Aikinka ne."

Ta tsaya ta wajen ƙafar gado ta yi wa mutumin bayani da yarensa: yaron za a ciro, ba mahaifa ba, in aka jira su biyun za a rasa. Ya yi tambaya uku, ta kai wa likita, ta dawo da amsa. Ya dangwala yatsa. Aka tura gado. Minti goma sha takwas, in ji allon Malam Agogo. Ya rubuta takarda ta uku, ya ce shi ma yana da na sama da shi. Ta ce ta sani. Ta wanke bokitin ta kife, ta ninke rigar kamfani ta ajiye a kan teburinsa. Ba ta tsaya jin ko mace aka haifa ko namiji ba.

Yau mako uku tana gida. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsinke zaren tsofaffin kaya. Ba ta kuka, ba ta zagin kowa, ita da ta iya zagi da yare huɗu. Wayarta kuwa ba ta hutawa. Nas-nas ne. Su sa wayar a kunnen mara lafiya, su mayar bakin likita, ita tana fassarawa tana kallon bango. Jiya sau shida. Na ce, "Goggo, sun kore ki fa. Don me kike ɗauka?"

"In ban ɗauka ba, wa zai ɗauka?"

Ta faɗa ne kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Dokar ba ta wuce ba tukuna. Kwamitin yana karɓar wasiƙa da saƙo har ƙarshen watan nan. Kowannenku ya taɓa tsayawa a gaban likita yana gyaɗa kai bai gane komai ba, ko ya ga uwarsa ta yi. Kada ku turo mini hoton fuska mai hawaye, ba ya zuwa majalisa. Ku rubuta musu. Ku kira ɗan majalisarku har ya gaji da lambarku. Ku faɗi ranar da abin ya same ku, da ɗakin, da wanda ya ajiye aikinsa ya fassara muku. Ku ce a mayar da ta tara, ku faɗa da yaren da kuka iya. In ba su gane ba, su nemo tafinta.