Kwana Biyar da Waya Ta Yi Ladanci a Garinmu

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta da azumin da aka ture mahaifina daga ladanci aka ɗora wayar hannu a gurbinsa ba. Shekaru sun wuce, Baban ma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, amma har yau in abin ya faɗo min a rai sai takaici ya kama ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Tudun Wada da Doguwa, akwai wani dogon dutse da ya tokare mu ta yamma. Tun kafin a haife ni Baba yake kiran salla a masallacinmu, ba albashi, ba komai. Ya san dutsen nan kamar tafin hannunsa. Ya san rana tana ɓuya a bayansa tun ba ta faɗi ba, don haka ba ya kiran magariba sai ya juya gabas ya ga duhu ya fara tasowa, sannan ya duba tsohon agogonsa. A lokacin ni ina koyarwa a wata firamare a cikin Tudun Wada, sai Juma'a nake zuwa gida. Kuma kada a ɗauka ina ƙin manhajar lokutan salla ne. Ina da ita a wayata, ita ke tashina in aiki ya ɗauke min hankali.

Azumin shekarar ya faɗo a farkon damina, kullum da yamma sai hadari ya haɗu. Ranar wata Juma'a na sauka daga babur gab da shan ruwa, na shiga gida, sai na tarar da Baba zaune a kan buzunsa a tsakar gida yana jan carbi. Gabana ya faɗi, don ban taɓa ganinsa a gida a irin wannan lokaci ba sai in ba shi da lafiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa lafiya lau. Ban rufe baki ba sai na ji kiran salla ya tashi daga lasifikar masallaci, da wata muryar Balarabe wadda na sani sarai, don irin ta ce a wayata. Na zaro wayar na duba. Saura wajen minti goma sha ɗaya magariba ta yi.

Maƙwabta suka hau kurɓar kunu, ana jin ƙarar kwanuka ta bayan danga. Baba bai ko motsa ba. Ya ce, "Kada wanda ya sa wani abu a baki a gidan nan."

Inna ce ta ja ni bakin murhu ta ba ni labari, murya ƙasa-ƙasa. Akwai wani Alhaji a garinmu, dillalin shanu ne, yana yawan zuwa kasuwannin gabas. Shi ya sa wa masallaci sola da sabuwar lasifika, don haka ba a cika musa masa ba. Ranar Litinin da ta wuce, jama'a na zaune a ƙofar masallaci kowa da dabinonsa a hannu, sai wayarsa ta kira salla. Baba yana tsaye yana duban gabas. Alhaji ya ɗaga wayar sama ya ce, "Malam, me kake jira kuma? Ga shi duniya ta sha ruwa, kai ka tsare mu da yunwa." Baba ya ce da saura, rana na bayan dutse. Alhaji ya yi dariya ya ce idon tsoho da agogon da ya girmi kowa a wurin ba za su fi na'ura sani ba, ai shekara da shekaru ke nan ana jinkirta wa mutane buɗa-baki ba su sani ba. Wasu suka yi dariya. Wani ma ya ce dama shi ya daɗe yana zargin haka. Liman ya sunkuyar da kai ya ce to a gwada wayar a gani. Nan take Alhaji ya karɓi makirfo daga hannun Baba ya kanga a jikin wayarsa.

"Ya karɓa daga hannunsa?" na tambaye ta.

Ta ce, "A gaban kowa. Ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba. Yana zuwa ya bi jam'i a sahun baya ya dawo, bai ce da kowa komai ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mutumin da ruwa ya sha dukansa a hanyar masallaci, wanda ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓa ya je ya kira salla, shi aka mayar abin dariya a gaban mutanen da ya yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife su. Da lokaci ya yi na kurɓi ruwa kawai, na fice. Baba ya kira ni sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Da na isa masallaci na iske an idar da salla, mutane na zaune ana shan kunu ana hira. Alhaji na kishingiɗe a kan darduma, wayar na gefensa. Ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, "Alhaji, ba ni wayar nan in gani."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malamin makaranta, yau kuma ba gaisuwa?"

Na ce, "Wayar nake son gani."

Ya miƙo min yana murmushi, yana ganin kamar zan sha kunya. Na buɗe manhajar. A can sama, inda ake rubuta sunan garin da mutum yake, ga shi nan ɓaro-ɓaro an rubuta Potiskum. Ashe a can kasuwar shanu aka sa masa ita, aka saita ta da garin, shi kuma ya dawo da ita haka. Na ɗora tawa kusa da tasa na zagaya da su ina nuna wa mutane. Na ce ku duba, Potiskum tana gabas da mu, rana na riga faɗuwa a can. Kwana biyar kuna shan ruwa da ranar wani gari.

Wani dattijon Bafulatani da ke zuwa salla daga rugarsu ya ajiye kofinsa ya ce shi dama ya yi mamaki, don shanunsa ba su gama shigowa ba yake jin kira. Na juya na ce masa, "To me ya hana ka faɗa?"

Da a nan na tsaya, da ya fi. Amma zuciya ta riga ta ci ni. Na nuna Alhaji da yatsa na ce shi ko sunan garin da ke kan wayarsa bai iya karantawa ba, amma ya iya wulaƙanta wanda ya fi shi sanin lokaci. Na ce sola da lasifika ba su ne ilimi ba. Na juya kan Liman na ce ya san kiran salla ba na na'ura ba ne, amma ya yi shiru don kada a cire batir a tafi da shi. Na faɗi maganganu da yawa, da ƙarfi, a ƙofar ɗakin Allah. Sai da mutum biyu suka riƙe ni.

Alhaji ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To ni ina ruwana? Laifin waya ne. Wanda ya sa min ita ne bai gyara ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Liman ya yi gyaran murya ya ce duk wanda ya sha ruwa da kiran wayar nan zai rama azumi biyar bayan ƙaramar Salla. Nan fa wuri ya kaure. Kowa na ƙorafin kwana biyar a lokacin shuka, wannan na cewa ga gona ga ramuwa, wancan na cewa shi matarsa ma ta sha. Na tsaya ina sauraro ko zan ji mutum ɗaya ya ce an zalunci Ladan. Wallahi ko ɗaya. Cikinsu kawai suke tunawa. Wannan ya fi maganar Alhaji ƙona min rai.

Na koma gida ina jin na ƙwato wa ubana haƙƙinsa. Na tarar labari ya riga ni. Baba bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "An ce ka nuna Alhaji da yatsa."

Na ce, "Baba, shi fa ya fara."

Ya ce, "An ce ka ɗaga wa Liman murya."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Gaskiyar da ka kai musu ta isa. Sauran na waye? Gobe da hantsi za ka je ka ba su haƙuri, su biyun."

Na ce, "Ni zan ba da haƙuri? Shi da ya ƙwace makirfo a hannunka fa?"

Ya ce, "Shi ba ni na haife shi ba."

Kuka ne kawai ban yi ba. Washegari na je. Liman ya karɓe ni da kunya, har ya ce shi ma a yafe masa, ya kuma biyo ni gida da kansa ya roƙi Baba ya koma bakin aikinsa. Alhaji kuwa na same shi a ƙofar gida ana ɗaure masa wani bijimi. Na durƙusa a gaban yaransa da masu kallo na ce ya yi haƙuri da abin da na faɗa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama ba da umarni, sannan ya ce, "Ba komai, yaran zamani sai haƙuri." Na taso ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yammar ranar Baba ya koma ya kira magariba. Har Baba ya bar duniya Alhaji bai taɓa takowa ya ce masa ya yi haƙuri ba. Da na gyara wa mutane saitin wayoyinsu, kusan kullum kiran Baba da na manhajar tare suke tashi, in an samu bambanci bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Sai ga masu dariyar nan suna cewa ai dama sun san Ladan ba ya kuskure. Ina ji, ina haɗiye abin da ke bakina. Abu ɗaya na lura da shi: Baba ya daina zama hira a ƙofar masallaci. Yana idar da salla sai ya ɗauki takalmansa ya wuce gida. Bai taɓa faɗin dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Har gobe ina amfani da manhajar, kuma duk garin da na sauka sai na fara duba sunan da ke samanta. Ba ta yi min laifin komai ba, abin da aka gaya mata ta faɗa. Abin da na koya shi ne jama'a na iya watsar da amanar shekara talatin cikin minti ɗaya in mai abin hannu ya ɗaga murya, kuma shirun masu kallo ya fi cin rai. Na kuma koyi cewa in kana da gaskiya a hannu, ka ajiye ta a gaban mutane ka rufe bakinka. Ni na haɗa tawa da zagi, shi ya sa na ƙare a durƙushe a gaban mutumin da ya kamata ya durƙusa wa ubana.